Sayen Mota a Legas: Dilan Unguwa ko na Nesa?

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a Iyana Ipaja ya aiko da tambaya. Ya ce Allah ya hore masa, ya tara abin da zai sayi mota mai ɗaukar mutane da kaya, Sienna ko Hiace, wadda zai riƙa kai iyali gida Arewa da Sallah, sauran watanni kuma ta yi masa jigila tsakanin Mile 12 da shago. Ya ga wata a wajen wani dila a bakin titin Abeokuta, tsakanin Dopemu da Abule Egba. Ana cikin haka ɗan ƙaninsa ya turo masa bidiyon irinta daga Kano, kuma farashinta bai kai na ta Legas ba. Ga wani abokinsa yana ta zuga shi su tsallaka Kwatano. Yana so ya san inda ya kamata ya dosa.

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya sa a saya a sa'a. Zan faɗa maka ra'ayina tun da farko, dalilai su biyo baya. Idan motar a Legas za ta zauna, a nan za ta yi aiki, a nan kuma za a riƙa gyara ta, to ka saye ta a Legas, a hannun mutumin da za ka iya zuwa ka tsaya a ƙofar shagonsa gobe da hantsi. Tafiya nesa tana da ranarta, zan kuma zo kanta, amma ba da ita ake farawa ba.

Motar hannu, ko tokumbo ce ko wadda aka riga aka hau a gida, ba ta zuwa da garantin kamfani. Abin da ke tsaye maka kawai shi ne wanda ya sayar maka: ana iya samunsa? Yana da abin da yake tsoron rasawa? Aibin mota kuwa ba ranar ciniki yake fitowa ba. Giyar da aka lallaɓa don ta yi shiru, sai ta ɗauki zafi a cunkoson Oshodi take fara fizga. Injin da ke shan baƙin mai, sai an yi mako biyu ana hawa sannan a zaro sanda a ga ya sauka. Fitilar gargaɗin da aka goge da kwamfuta takan dawo bayan an yi 'yar tafiya. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ta faru, in dilan yana Abule Egba, ka tuƙa motar ka kai masa, da bakanikenka, da wanda ya shaida cinikin. Sau da yawa a nan ake sasantawa: a raba kuɗin gyara, ko ya kawo kayan da ya lalace, ko a musanya maka da wata ka yi ciko. Ba don kowane dila waliyyi ba ne. Sunansa ne jarinsa, kuma ya san maganar da aka yi a masallaci a Zangon Agege bayan azahar za ta iya kai wa mahauta a Oko-Oba kafin magariba. In ya taurare, akwai shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci, akwai fadar Sarkin Hausawa, akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha wadda ake kira LASCOPA, akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da Jihar Legas ta buɗe a 2018 don irin waɗannan basussuka. Duk waɗannan, danfo ɗaya ko biyu ne tsakaninka da su.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke magana cewa wanda ya sayi abu, daga baya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da damar mayarwa. Haƙƙi ne tabbatacce. Sai dai wanda zai yi tafiyar kusan kilomita 1,000 da mota mai ciwo kafin ya nemi wannan haƙƙi, mafi yawan lokuta haƙura yake yi, ya ce Allah ya isa, ya gyara da aljihunsa.

Akwai kuma wani abu da mazaunin Legas yakan manta saboda ya saba da shi. Kai ne kake zaune a bakin ruwa. Mafi yawan motocin tokumbo da ke shigowa ƙasar nan ta halal a Legas suke sauka, a tashar Tin Can da ta PTML. Tokumbon da ka gani a Kano, in ta nan ta bi, to an biya mata kuɗin fito, an ɗora ta a tirela ko an biya direba ya kai ta, sannan mai ita ya ɗora ribarsa. Ta yaya za ta fi ta Legas araha? Ba na cewa ba ya yiwuwa. Wani ya shigo da motarsa tun dala ba ta tashi ba, kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, ta daɗe a ajiye, yanzu yana neman kuɗi ido rufe. Wani hayar filinsa ba ta kai ta Legas ba. Wata motar kuma ba tokumbo ba ce, an hau ta shekara biyu an wanke an cire lamba. Kowace araha tana da dalili, kuma aikinka ne ka san dalilin kafin ka fitar da sisi. In mai sayarwa ya kasa ba ka dalili mai kama hankali, to dalilin yana cikin takardu ko yana ƙarƙashin fenti.

Bari in daɗe a kan takardu, don a nan mutanenmu suka fi yin asara, kuma asarar da ba ta gyaruwa a gareji. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa na tudu. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ma iyakokin aka rufe gaba ɗaya. Kasuwar motoci ta Kwatano ba ta mutu ba, kuma kowa ya san 'yan fito ba su daina bin daji da dare ba, ta wajen Seme da Idiroko, ko kuma ta zagayen Nijar a ɓullo ta Arewa. Motar da ta shigo haka tana iya yin shekara uku tana yawo lafiya, rana ɗaya jami'an kwastan su tare ta a hanyar Ibadan ko ta Ilori, iyali na ciki, kayan Sallah na ciki. Ba ruwansu da cewa kai da kuɗinka ka saya, ba kai ka yi fasa-ƙwaurin ba. Motar ake nema, kuma a hannunka aka same ta. A 2019 sai da hukumar ta bi wuraren sayar da motoci a manyan garuruwa ta garƙame su saboda maganar fito. A 2024 ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu daidai ba su zo su biya, da tara a kai. Wannan ya isa ya nuna maka cewa maganar ba ta tsufa.

Saboda haka abokin da ke cewa ku tsallaka Kwatano, ka tambaye shi abu ɗaya: ta wace ƙofa motar za ta shigo, kuma wace takarda za ta riƙe? In amsar ita ce "akwai yaranmu da ke shigowa da ita," ka yi masa godiya ka bar maganar. Kwatano ba ta da nisa da Legas, tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma ta fuskar doka ta fi Kano nisa.

Takardar kwastan ma kala-kala ce. Akwai ta jabu tsantsa. Akwai ta gaske amma ta wata motar ce. Akwai ta gaske, ta motar, amma an rage shekarun motar a rubuce don a biya ƙasa da abin da ya wajaba; irin wannan ce ta sa hukumar ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi a 2022. Ido ba ya rarrabe waɗannan. Abin yi shi ne ka karɓi kwafin takardar kafin biya, ka kai ofishin kwastan a duba maka lambarta da shekarar da aka biya da tashar da aka biya. Hedikwatar shiyyar Legas tana titin Harvey a Yaba. Dilan da ya san kayansa ba zai hana ka kwafi ba. Wanda ya fara cewa "ai wani na zuwa da kuɗi anjima," ka bar wa wanin. Ka lura kuma, wannan bincike yini ɗaya zai ci maka in motar tana Legas tana jiranka. In kana masauki a wani gari, kuɗin kwana na tafiya, shago na rufe, zuciya na cewa ka gama ka koma, a nan ne mutum yake yafe binciken da bai kamata ya yafe ba.

Yanzu ɗauko takarda da biro mu yi lissafin arahar. A ce, misali, ta Kano ta fi ta Legas sauƙi da Naira 700,000. Rubuta kuɗin motarka zuwa Kano, da na bakanikenka, don ba za ka tafi ba shi ba. Rubuta ladansa na kwanakin da zai bar garejinsa. Rubuta masauki da abinci. Rubuta abin da dole a yi wa motar kafin ta hau doguwar hanya: juyen baƙin mai, duba birki, wataƙila taya biyu. Rubuta man dawowa. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 8 za ta sha lita 125 a kilomita 1,000, ka buga da farashin gidan mai na yau, wanda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ba abin wasa ba ne. Rubuta ladan direba in ba kai za ka tuƙa ba. Rubuta la'adar dillalai, don ba za a rasa su ba. Sannan ka rubuta wanda kowa ke mantawa: cinikin da shagonka zai rasa a kwanakin da ba ka nan. In ka tara ka cire, abin da ya rage shi ne arahar gaskiya. Shi za ka auna da wannan tambaya: in giya ta mutu bayan wata guda, ragowar za ta sayi wata a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ta biya aikin ɗaurawa? In ba za ta saya ba, ba ka samu araha ba, ka sayar da damar komawa wajen dila ne da kuɗi kaɗan.

Ban ma sa haɗarin hanya a lissafin ba, don ba shi da farashi. Motar da ba ka san halinta ba, tafiyarta ta farko ta zama daga Kano zuwa Zariya, Kaduna, a gangaro Mokwa da Jebba, a bi Ilori da Ogbomosho cikin jerin tireloli da tankoki. In ta tsaya maka a dokar daji bayan la'asar, kuɗin janwe kaɗai ya isa ya cinye ribar, ban da abin da ya fi kuɗi.

Maganar ɗan ƙaninka kuma, Allah ya saka masa, alheri yake nufi. Amma bidiyo ba gani ba ne. Bidiyo ba ya jin warin ruwa a cikin kafet, ba ya jin ƙarar inji da sanyin safiya, kuma mai ɗauka inda ya ga dama yake haskawa. Yaron ba bakanike ba ne, kuma a matsayinsa na ɗa ba zai iya ce maka "Baba, na yi kuskure" cikin sauƙi ba. In motar ta fito da aibi, ga asarar kuɗi ga zumunci ya yi tsami. Kada ka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kada kuma ka tura ko kafin alƙalami ne zuwa asusun da sunansa bai yi daidai da sunan da ke kan takardun mota ko na kamfanin dilan ba. Masu kiran waya suna cewa su jami'an kwastan ne, akwai motocin gwanjo, a turo kuɗin fom, waɗannan 'yan damfara ne. Hukumar tana yin gwanjonta ne ta shafinta na intanet, ba ta WhatsApp ba.

To amma kada ka ɗauka duk wanda ke kusa nagari ne. Kusanci yana da nasa ciwon, kuma sunansa kunya. Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ya ce maka "Alhaji, wallahi kamar sabuwa take," sai ka ji nauyin ce masa za ka kawo mai dubawa. A nan ake cutuwa. Kawo bakanike ba zargi ba ne, al'adar ciniki ce, kuma mai gaskiya murna yake yi da ita don tana wanke shi. Na biyu, wasu masu baje motoci a bakin titi ba su ne masu su ba. Motar ta wani ce a Festac, ya ba wani, wanin ya ba wannan, kowa ya ɗora nasa. Ka tambaya kai tsaye: wa ke da ita, kuma wa zai sa hannu a takardar ciniki? In wanda zai sa hannun ba shi ne mai filin ba, to amfanin kusancin ya ragu, don ranar rigima zai ce shi dillali ne kawai.

Na uku, kalmar "kusa" a wajenka ta haɗa da Legas duka. Kafin ka taya ta Abule Egba, ka ware yini guda ka je kasuwar Berger da ke kan titin Oshodi zuwa Apapa, kusa da Mile 2, inda motocin tashar ruwa suke fara zubewa. Ka fita da sassafe, ka zaga, ka tambayi farashin irin wadda kake so a wuri huɗu ko biyar, kada ka saya ranar. Da yawa daga dilolin unguwa can suke sarowa. In ka dawo da farashin Berger a bakinka, cinikinka da na unguwa zai canza. In bambancin kaɗan ne, ba wa na unguwa; ɗan abin da ya ɗora kuɗin samunsa a kusa ne, kuma ya cancanta. In bambancin ya yi yawa, koma Berger, amma ka sayi a hannun mai ofis da rasit mai sunan kamfani, ba yaran da ke tarar mutane a bakin ƙofa ba.

Ko a ina ka tsaya, dubawar iri ɗaya ce, kuma bakanikenka zai yi ta, ba wanda dila ya kira ba. Ku je da safe, ku ce kada a tayar da ita kafin ku iso. Taɓa inji ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanku ku ga hayaƙin farko. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ku sa kwamfuta ta karanta ta. Ku fita da ita titi na aƙalla rabin sa'a, ku shiga cunkoso da gangan, na Iyana Ipaja ma ya isa gwaji, da na'urar sanyi a kunne, ido na kan allurar zafi. Ku ɗaga ta ko ku shiga rami ku ga ƙarƙashinta: walda a jikin shasi alamar babban haɗari ce. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Su yi daidai da juna, su yi daidai da takardar kwastan, harafi da harafi. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin Sienna, na goma a jerin shi ke nuna shekara, don haka ko an canza mata fitilu da bamba ta koma kamar 'yar bana, lambar za ta tona. Da wannan lamba kuma, yaron da ya iya waya zai ciro maka tarihinta na can a Carfax, ka ga ko ta taɓa haɗari, ka ga malejin da ta bar ƙasar da shi.

Ka kula da ruwa musamman. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubun dubatar motoci a jihar Texas, kuma irin waɗannan kamfanonin inshora gwanjonsu suke yi, wasu su ƙare a tashoshinmu. Ta gida ma ba ta tsira ba, don kowace damina sai ruwa ya shanye motoci a unguwannin Legas. Ɗaga kafet, duba ramin safaya, leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ka ga ko ya yi tsatsa, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabon laka. Motar ruwa lantarkinta ba ya gama warkewa. In kuma Hiace ka zaɓa, duba ko juya mata sitiyari aka yi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma har yanzu ana shigo da motocin Ingila da Japan a mayar da sitiyarin hagu. Bas ɗin da ƙofar fasinjanta take gefen hagu kaɗai ta faɗa maka asalinta, kuma tana nufin iyalinka a tsakiyar titi za su riƙa sauka. Aikin juyin in bai yi kyau ba, sitiyari da birki ne ke cikin haɗari.

Yaushe ne tafiya nesa take da ma'ana? Na farko, in motar can za ta zauna. Mutum yana neman kuɗi a Legas amma motar ta haya ce tsakanin Katsina da Kano, ƙaninsa zai riƙa ja, to dilan Kano shi ne na kusa, Ƙofar Ruwa ce Ladiponsa. Inda mota za ta yi ciwo, can ake so mai sayar da ita ya kasance. Na biyu, in abin da kake nema babu shi a nan, ko kuma ka san motar da mai ita tun tana sabuwa, ka san yadda ya riƙe ta. Irin wannan ta Arewa tana da wani fifiko na gaske: ba ta sha iskar gishirin teku ba, ba ta yi shekaru tana dahuwa a cunkoso ba, ko da yake ta sha ƙura da zafi da doguwar hanya. Na uku, in bayan lissafin nan da muka yi ragowar tana da kauri sosai.

In ka yanke za ka tafi, ka yi yadda iyayenmu suka yi. Hausawan da suka zauna Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, sama da shekara ɗari, ciniki suke yi tsakanin Kurmi da Arewa ba waya ba banki, amma ba sa saye a hannun wanda ba shi da mai tsaya masa. Baƙo yakan sauka a wajen maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, in ciniki ya lalace maigidan ake kamawa. Haka har gobe ake yi a kara. Kai ma ka nemi babban mutum a garin, wanda dilan yake jin kunyarsa, kai ma kana iya samunsa, a yi ciniki a gabansa ya sa hannu a matsayin shaida. Ka je da ƙafarka da bakanikenka. Ka sa a duba takardar kwastan kafin ka bar Legas, tunda kwafi ana iya turo shi ta waya. In motar mai lamba ce, a gama takardun canjin mallaka tun kana can, da kwafin katin shaidar mai ita da lambar wayarsa, don neman sa hannun mutum daga nesa wahala ce. Kada ku taso da ita ranar da aka saya. Ku yini kuna zagaya gari da ita, ku kwana, ku fito da asuba, kuma kada ku yi tafiyar dare. In da hali, ɗora ta a tirelar dakon motoci ya fi.

Sabon abu hukuncinsa ya ɗan bambanta, ga masu niyyar sabon keke irin Bajaj ko TVS. A nan garantin na kamfani ne, sharaɗinsa kuma yawanci shi ne a saya a hannun wakilin da kamfani ya amince da shi, a kuma yi sabis na farko-farko a wurin da ya yarda. Kafin ka sayo daga wani gari ka tambayi wakilin da ke kusa da kai ko zai karɓi aikin garantin abin da ba a wajensa aka saya ba, kuma cikin kwana nawa.   Mai son biyan kaɗan-kaɗan kuwa, zaɓinsa na kusa ne kawai, don ba mai ba da bashi ga wanda ba ya gani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ke sa kusancin ya yi amfani: a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu ne muke jin kunyar biro. Takardar ta ƙunshi sunan mai sayarwa da adireshinsa, lambar shasi da ta inji, farashi, da cewa shi ke da alhakin ingancin takardar kwastan, in ta zama jabu zai mayar da kuɗi. Ka nemi ya rubuta maka kwanaki, ko bakwai ne ko goma sha huɗu, waɗanda in inji ko giya suka nuna tsohon aibi a cikinsu zai gyara ko ya karɓi abarsa. Ba kowa zai yarda ba, amma yadda ya amsa zai nuna maka yadda ya san motarsa. Ka biya ta banki don ya zama da shaida. Daga nan ka wuce yin lamba, da gwajin lafiyar mota a cibiyar LACVIS, da inshora ta gaske. Mafi ƙarancinta ga motar gida Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ta kasuwanci ta fi haka, kuma tunda za ka riƙa ɗaukar kaya ka faɗi gaskiyar aikin da za ta yi.

Saboda haka, Alhaji, ka gode wa ɗanka, ka ce masa ya dakata. Ka bar maganar Kwatano. Ranar Asabar ka ɗauki bakanikenka ku je Berger ku ji farashi, Litinin ku duba ta Abule Egba da sassafe, Talata ka kai kwafin takardarta Yaba. In ta tsallake waɗannan uku kuma mai ita ya yarda ya sa hannu, saye ta ko da ta ɗan fi ta Kano tsada, kuma ka hau ta aƙalla wata guda a cikin gari kafin ka ɗora mata iyali zuwa gida.